Atisayen Ceton Manaja

Duk wanda ya zauna a unguwarmu Mpatamatu da ke garin Luanshya, ko na mako guda ne, ya ji labarin shekara talatin da ɗaya da Ba Wedson Kapembwa ya yi yana jami'in kiyaye haɗura a mahaƙar tagulla, don shi da kansa zai tare ka a hanya ya ba ka. A wajenmu "Ba" ake sa wa a gaban sunan babba don girmamawa. Mu da muka yi aiki a rami ɗaya da shi mun haddace labarin har da inda yake tsayawa ya yi tari. Mutum ɗari huɗu ne a ƙarƙashinsa, in ji shi, kuma ko farce ba wanda ya taɓa rasawa. Abin da ba ya faɗa shi ne, kan ɗan yatsansa na hagu da ya guntule ba a rami ya baro shi ba. Ƙofar ofishinsa ce ta datse shi, ranar da yake manna takardar gargaɗi a kan yadda ake rufe ƙofa.

Da ya yi ritaya sai duniya ta yi masa tsit. 'Yarsu Nkole, wadda da sunanta muke kiransa Bashi Nkole, wato baban Nkole, muke kiran matarsa Bana Nkole, wato maman Nkole, ta yi aure ta koma Kabwe. Matar kuwa ta daina sauraron laccarsa tun kafin a yaye yarinyar. Rai ɗaya ya rage a duniya da zai ba umarni a bi: wani ɗan guntun kare mai gajerun ƙafafu, fari da baƙin tabo a ido, da ya tsinta a bakin kasuwa. Ya raɗa masa suna Manaja, don kawai ya samu ya riƙa cewa, "Manaja, zauna!" Manaja kuwa ya zauna. Kullum da safe sai sun zaga unguwa su biyu, yana nuna wa karen inda aka yi kuskure wajen gina magudanar ruwa, karen na kaɗa wutsiya kamar ya gane. Muna yi masa dariya, amma duk mun sani, ran mutumin nan a jikin ɗan karen nan yake.

Fitinar ta fara ne da wani ɗan kwangila da ya zo gyaran titi da karnukan gadi guda huɗu. Aiki ya ƙare, ya kwashe injinansa ya bar mana karnukan. Suka yi sansani a juji, bayan shagon mahauci. Babbansu wani jan kare ne mai kai kamar turmi, shi muka sa wa suna Ɗan Kwangila. Sun cinye kajin unguwa, suka koma kan ƙananan karnuka. Sau biyu suna kama Manaja. Na farko a cinya, na biyu suka tafi da rabin kunnensa.

Ranar na biyun, Bana Nkole tana wanke kunnen da ruwan gishiri, karen na kuka, mijin na tsaye yana ba ta umarnin yadda ake riƙe auduga, sai ta ɗago.

"Bashi Nkole, dubi kunnen nan. Rabi ya rage. Ranar Asabar ta sama ƙanena Fackson zai kawo mana masara daga Mpongwe. In zai koma, da karen nan zai koma. Gona akwai shinge, akwai fili, ba mai taɓa shi."

"Manaja a ƙauye? A hannun Fackson? Mutumin da ke hawa rufin ɗaki ba igiya a ƙugu?"

"Ko ba igiya, kunnuwansa biyu cif."

"Bana Nkole, kin manta wa kike aure? Dutse mai nauyin jirgin ƙasa na hana ya faɗo wa mutane a ka. Karnukan juji huɗu ne za su gagare ni? Ki ba ni kwana goman nan ki sha kallo."

Ta matse audugar ta ce, "Na ba ka. In haƙori ya sake taɓa shi daga yau zuwa ranar, ya tafi. In bai taɓa shi ba, ya zauna. Miƙo min tsumman can."

Kafin la'asar ya kafa allo a ƙofar gidansa, irin wanda ake kafawa a bakin rami, ya rubuta da alli: KWANAKIN DA MANAJA YA YI BA CIZO. A ƙasa ya zana sifiri. Daga nan ya zo gindin mangwaro inda mu tsofaffi muke buga dara, ya sanar da mu cewa kare ba ya cizo haka kawai, duk cizo gazawar tsari ne, kuma shi zai nuna wa garin Luanshya yadda ake tsari.

Washegari ya fito bincike, da littafi da tef ɗin awo. Ya auna daga juji zuwa inda jini ya ɗiga, ya auna daga nan zuwa teburin Bana Mwaba mai tumatir, wadda a gabanta abin ya faru.

"Bana Mwaba, da ƙarfe nawa haɗarin ya auku?"

"Lokacin da nake yayyafa wa tumatir ruwa."

"Wanda abin ya shafa, yana sanye da kayan kariya?"

"Kare ne fa, Bashi Nkole."

"Wato babu." Ya rubuta, ya ja layi biyu a ƙasa. "Kin ga tushen matsalar ke nan."

"Tushen matsalar yana can kwance a juji yana lasar baki. Matsa min, kana tsare min masu saye."

Kwana biyu ya yi yana ɗinki. Ya yanka tsohuwar rigar aikinsa mai ruwan lemo, mai layukan nan masu ƙyalli, ya yi wa Manaja riga. Ya yanka tsohuwar tayar keke ya yi masa takalma huɗu. Hular kwano kuwa, robar da Bana Nkole take zuba ƙananan busassun kifin nan, kapenta, a ciki ce ya huda ya sa mata igiya, ba da saninta ba. Ranar da ya fito da shi, Manaja na tafiya yana ɗaga ƙafa ɗaya-ɗaya kamar mai taka garwashi, hular ta rufe masa ido ɗaya. Mu da ke gindin mangwaro muka bar dara muka miƙe.

Ba Lazalo, wanda injin fasa dutse ya cinye wa kunnuwa, shi ya sa ba ya magana sai da ihu, ya ce, "Wedson! A rami ana sa rigar nan ne don a gan ka daga nesa! Wannan bawan Allah kuwa so yake kada a gan shi!"

"Lazalo, kai fasa dutse ka sani. Bar wa masu ilimi tunani."

Bai rufe baki ba. Da can sai karnukan sun yi sa'a suke cin karo da Manaja, yau kuwa tun daga kan juji suka hango shi yana walƙiya. Suka taso su huɗu. Manaja ya yunƙura zai gudu, takalma suka harɗe shi ya kifa. Bashi Nkole ya sure shi, ya ɗaga shi sama da hannu biyu, ya runtuma, littafi na faɗuwa tef na jan ƙasa a bayansa. Abu mafi tsawo da ya gani shi ne teburin Bana Mwaba. Ya haye. Teburin ya yi haƙuri na ɗan lokaci, sannan ya durƙushe. Bana Mwaba ta kori karnukan da duwatsun sikelinta, ta juyo da ragowar dutse ɗaya a hannu tana neman jami'in. Sai da ya tsince mata tumatir ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda suka gangara cikin magudanar da yake kushewa.

An duba Manaja, rigar ta yage amma fata lafiya lau. Muka ce a mayar da allo sifiri. Ya ce atafau.

"Wannan ba haɗari ba ne, kusan-haɗari ne. Akwai bambanci. Ku da ba ku je kwas ba ba za ku gane ba."

Ya goge biyu ya rubuta uku, ruwan tumatir na ɗiga daga gwiwar hannunsa.

Mataki na biyu shi ne killace wuri. Ashe tun ranar ritaya yana ɓoye da naɗi shida na igiyar ledar nan mai ja da fari da ake ɗaurawa inda akwai haɗari. Da sassafe ya ɗaure layinmu kaf, daga kusurwar mahauci har katangar coci, ya rataya kwalaye: BA SHIGA SAI DA IZINI.

To, in ba ka taɓa aiki a rami ba, ba za ka gane abin da ya biyo baya ba. Mu tun muna samari aka dasa mana a kai cewa bayan igiyar nan mutuwa ce, ko rufi zai rufto ko iska mai guba. Ka tsallake ta, ranar za ka ajiye fitilarka ka tafi gida. Ƙafar tsohon ma'aikacin rami ba ta iya tsallake ta, ko a tsakar gidansa aka ɗaura. Ba Dismas, wanda ya yi shekara ashirin a rukunin ceto, ya je sayen burodi ya dawo ya tarar da igiya tsakaninsa da ƙofar gidansa. Nan ya tsaya da burodi a hannu har shayinsa ya huce, yana kiran matarsa ta nemo wanda zai ba shi izini. Ni kaina, ba zan ɓoye ba, sai da na zaga ta bayan coci, tafiyar minti ashirin, zuwa gidan da nake hangen labulensa. Karnukan kuwa suka bi ta ƙarƙashin igiyar a jere, ko sunkuyawa ba su yi ba. Ɗan Kwangila ya tsaya a gindin kwali ɗaya, ya shinshina, ya ɗaga ƙafa ya jiƙa shi. Matan unguwa, da ba su taɓa shiga rami ba, suka tsinke ɓangaren da ya tare famfo suka ɗaure ganyen kabewa da shi.

Bana Nkole ta leƙo ta taga ta ce, "Sannu da aiki, Bashi Nkole. Ka kori tsofaffi goma sha huɗu daga layinsu. Saura karnuka huɗu."

"Igiya ta yi aiki a kan duk mai hankali," in ji shi. "Marasa hankali kuma, su ake yi wa shirin gaggawa."

Nan fa ya kama mu a hannu. Ya zo gindin mangwaro da usur a wuya da rajista a hammata, ya ce yana neman tsofaffin ma'aikata na gaske, ba 'yan dara ba. Ya karanto doka. In aka ji usur sau uku, kowa ya saki abin da ke hannunsa ya nufi wurin taruwa, wato gindin mangwaro. A yi layi. Jami'i ya kira suna. Ba mai barin layi sai an kira sunan kowa. Bayan nan rukunin ceto, ƙarƙashin Ba Dismas, ya karɓi takardar izini mai sa hannun jami'i, sannan a shiga cikin igiya da sanduna a fatattaki abokan gaba.

Kunya ce in faɗa, amma daɗi muka ji. Shekara da shekaru ba wanda ya kira sunanmu daga rajista. Washegari kowa ya zaƙulo tsohuwar hular kwanonsa daga ƙarƙashin gado, wasu kaji sun yi ƙwai a ciki. Sau uku a rana muke atisaye. Ranar farko minti shida muka yi kafin layi ya cika, saboda gwiwoyi. Ranar Alhamis mun sauko minti uku. Ba Lazalo ba ya jin usur, amma da ya ga mutane na ɗingishi sun nufi mangwaro sai ya bi. Duk kwanakin nan Manaja na kulle a ɗaki, ko fitsari a hannu ake fita da shi. Allo ya kai tara.

Ranar Asabar da hantsi Fackson ya iso da akori-kurarsa cike da buhunan masara. Mutum ne mai fara'a, silifas a ƙafa, ba abin da yake so a duniya kamar tsokanar mijin yayarsa. Mulamu suke kiran juna, kamar yadda surukai ke yi.

"Mulamu! Ina fasinjan nawa? Na share masa wuri a gaba."

"Fasinjanka ba ya zuwa ko'ina, Mulamu. Karanta allo, in ka iya karatu."

Bana Nkole na ɗora ruwan nshima, tuwonmu na masara, a wuta, ta ce da mijin a hankali, "Ka bar shi a ɗaki har Fackson ya ci abinci ya tafi. Ka ci gari, ba sai ka ƙara komai ba."

Da ya ji maganar nan, da yau ba ni da labarin ba ku. Amma Fackson ya leƙa ɗaki ya ga Manaja a ƙarƙashin gado, ya fashe da dariya.

"Au, ashe tsaron naka kwaɗo ne da mabuɗi? Haba Mulamu, shekara talatin da ɗaya na ilimi! Ai kakata ma haka take tsare kajinta."

Jijiyar wuyan Bashi Nkole ta tashi. Ya shiga ya sa takalman aiki, ya sa hular kwano, ya rataya usur, ya soke rajista a hammata, ya ɗaura wa Manaja igiya. Ya aika a gaya wa unguwa duk mai son ganin aiki ya fito. Aka kuwa fito, har mahauci ya bar nama ya tsaya a ƙofa da wuƙa a hannu. Shirinsa mai sauƙi ne: zai taka da Manaja cikin igiya har gaban juji, in karnuka sun motsa ya busa usur, cikin minti uku dakaru goma sha huɗu su bayyana da sanduna, Fackson ya koma ƙauye da kunya.

Ya taka yana ƙirji gaba, Manaja na turjewa yana jan baya. Da suka isa juji, ba kare ko ɗaya. Jama'a suka fara 'yar dariya. Fackson ya ɗaga murya ya ce, "Ko sun tafi hutun ƙarshen mako ne, Mulamu?" Sai mutuminku ya ɗauki dutse ya jefa cikin juji, ya daka tsawa.

"Ɗan Kwangila! In ka isa ka fito!"

Ya isa. Ya fito daga bayan wata tsohuwar firji yana miƙa, sauran ukun suka ɓullo ta baya, suka tare hanyar gida.

Bashi Nkole ya busa usur sau uku.

Kai, jama'a, ranar mun yi gudu! Ban taɓa ganin tsofaffi sun yi irin wannan sauri ba. Muka bar kallon da muka fito yi, muka watsar da kofunan kunun munkoyo, muka nufi gindin mangwaro, wato muka ba wa juji baya. Ba Dismas ma ta gefensa ya wuce, taku goma tsakaninsu sai igiya, ya sara masa yana haki ya ce, "Muna hanya, ranka ya daɗe!" ya yi gaba. Minti biyu da daƙiƙa goma layi ya cika, abin da ba mu taɓa yi ba. Muka tsaya ƙiƙam, sanduna a kafaɗa, muna jiran jami'i ya zo ya kira suna.

Jami'i na can taku sittin daga gare mu, yana juyi kamar mai rawa, yana harbin iska da takalmi, Manaja a tsakanin ƙafafunsa.

"Ku zo! Dismas, ku zo mana!"

"Ba a kira suna ba!" in ji Ba Dismas.

"Ku bar sunan!"

"Kai ka ce ba mai barin layi! Ko gwada mu kake yi?"

Muka dubi juna muka gyaɗa kai. Lallai gwada mu yake yi, haka yake mana a rami. Muka ƙara miƙewa.

Da ya ga ba sarki sai Allah, ya fara kiran suna da ka, don rajistar ta riga ta zama garkuwa, wani baƙin kare na cin kusurwarta. "Dismas!" "Ina nan!" "Kalunga!" "Ina nan!" Ya kira ni, na amsa da murya mai kyau, Allah ya yafe min. "Lazalo!" Shiru. "Lazalo!" Ba Lazalo na tsaye yana kallon gaba, fuskarsa cike da natsuwa.

"Lazalo bai amsa ba!" in ji Ba Dismas. "A rubuta ya ɓata?"

"Ga shi nan kusa da kai, ɗan banza! Ka zungure shi!"

Aka zungure shi, ya kwarara ihu, "Ina nan!" Suna ya cika. Ba Dismas ya zaro takardar izini daga aljihu, ya soke ta a tsinin sanda, ya ɗaura biro, ya ruga har bakin igiya ya ja birki. Ya miƙa sandar iya tsawon hannunsa.

"Sa hannu, ranka ya daɗe! A ƙasa, inda na yi alama! Da kwanan wata!"

A daidai nan Ɗan Kwangila ya gaji da wasa. Ya sunkuyar da kai ya yo kan Manaja. Abin da Bashi Nkole ya gaya min daga baya shi ne, a wannan lokacin duk shekara talatin da ɗayan nan ta fice masa daga kai fit, ba doka ko ɗaya da ta rage. Ya yar da rajista, ya yar da usur, ya faɗi rub da ciki a kan karensa, ya tura shi ƙarƙashin ƙirji ya naɗe hannu da ƙafa. Ba abin da yake ji sai zuciyar Manaja na bugawa a haƙarƙarinsa, da tsoron kada ta tsaya. Hular kwano ta kare kai, takalma suka kare ƙafa. Wuri ɗaya ne tsarin bai tanada wa komai ba, kuma shi ne ya fi kowane tudu a wurin. Ɗan Kwangila ya kafa haƙora a nan.

Ihun da ya yi, har Ba Lazalo ya ji.

Sai ga Bana Nkole ta fito da tukunyar ruwan zafi a hannu ɗaya, muciya a ɗaya. Ta bi ta kan igiya kamar zaren gizo-gizo. Bana Mwaba na biye da ƙafar teburinta da ya karye, Fackson na baya da ƙarfen kwance taya, silifas ɗaya ya tsinke. Ruwan zafi ya sauka a bayan Ɗan Kwangila, muciya ta sauka a hancin baƙin. Kafin ka ce me, karnuka huɗu sun haye juji suna kuka sun nufi daji. Duka-duka abin bai kai rabin minti ba.

Aka ɗaga jami'i. Gaban wandonsa na nan da guga, bayan kuwa ya tafi da karnuka. Bana Nkole ta ja shi bakin famfo, ta sa mata biyu suka riƙe zane suka kare shi, ta shiga wanke ciwon da sabulu tana dirzawa, shi yana kiran sunan uwarsa da ta rasu tun zamanin Turawa. Zanen gajere ne, unguwa ta ga abin da ta gani. Ba Dismas ya matso da takardarsa a sanda, ya yi gyaran murya.

"Za a rubuta haɗari ne, ko kusan-haɗari?"

Bana Nkole ta dube shi, ta dubi muciya. Ya koma layi da kansa. Mu kuwa muna nan a jere da hulunanmu, don ba wanda ya sallame mu, kuma in gaskiya za a faɗa, ba mai son ya fito ya haɗa ido da matan nan.

"Fackson," in ji ta, "ka duba karen?"

"Na duba shi tun daga hanci har wutsiya, Yaya. Ko ƙwarzane babu."

Ta yi ajiyar zuciya. "To. Magana ɗaya nake yi. Haƙori bai taɓa shi ba. Ya zauna."

Ku zo ku ga mutum! Ya miƙe ɗaure da zanen matarsa mai zanen abarba, ya manta da ciwo, ya ɗaga guntun yatsansa sama.

"Kun ji ko? Kun gani da idonku! Wanda aka yi tsarin dominsa ya fita ba ƙwarzane! Wannan shi ake kira nasara, Mulamu, je ka ba da labari a ƙauye. Manaja! Zo nan mu tafi gida!"

Ba Manaja. Aka duba ƙarƙashin tebur, aka duba bayan famfo. Sai mahauci ya nuna akori-kura da wuƙarsa. Fackson ya bar ƙofar gaba a buɗe lokacin da ya ɗauko ƙarfe, Manaja ya shige ya cusa kansa ƙarƙashin kujera, wutsiya kaɗai ake gani.

Bashi Nkole ya ɗingisa har bakin ƙofar. "Manaja, sauko."

Karen ya juyo da kai ya dube shi. Ya dubi titin, ya dubi wajen juji. Jikinsa na ɓari tun daga rabin kunnen har ƙafa. Ya ƙara matsawa ciki.

"Manaja," ya sake cewa, wannan karon ba da muryar ofis ba. "Ni ne fa. Sauko."

Bai sauko ba. Ya lashi yatsun da aka miƙa masa, amma bai sauko ba. Dariyar da ake yi ta mutu. Bashi Nkole ya daɗe a tsaye, hannu ɗaya riƙe da zane, ɗaya a kan karen, yana jin ɓarin nan a tafin hannunsa. Kunya ta kama shi, ba ta zane ba. Ya gane kwana goman nan duk ba karen yake tsarewa ba, kansa yake tsare wa zaman kaɗaici, ɗan bawan Allah kuma shi ke biya da tsoro.

"Mulamu," ya ce, bai juyo ba. "Tafi da shi. Ba ya cin kan kifi, ka riƙa cire masa."

Fackson ya ajiye ƙarfen hannunsa. Ya sosa ƙeya ya ce, "To. Amma hau in fara sauke ka a asibiti, cizon nan sai da allura."

Zama dai ba ya yiwuwa. Aka kama shi aka ɗora a baya, ya kwanta rub da ciki a kan buhunan da aka zazzage. Fackson ya tayar da mota. Sai muka ji murya ƙasa-ƙasa daga cikin buhuna.

"Mulamu. A Mpongwe akwai asibitin da ake ƙarasa allurar?"

"Akwai."

"Gonar taka... akwai wurin mutum biyu?"

"Kare ɗaya na gina wa ɗaki, Mulamu. Amma yana da faɗi, in ya yarda ku raba."

Bana Nkole ta juya. Ta shiga gida ta fito da jaka, ta jefa kusa da kansa.

"Tun jiya na haɗa. Da wanduna uku a ciki. Ka gama allurarka, kar ka yi wa ma'aikatan asibiti lacca. Zan zo ƙarshen wata in ga wanda ya fi wani ƙiba."

Fackson ya zaro Manaja daga ƙarƙashin kujera ya miƙa shi baya. Karen ya tsaya kan buhu yana rawar jiki, ya shinshina hular kwano, ya shinshina kunnen maigidansa. Sannan ya tura hanci ƙarƙashin hammatarsa, ya yi ta kutsawa har ya shige ƙarƙashin ƙirjinsa gaba ɗaya, ya lafe. Bashi Nkole ya ɗan ɗaga jiki ya ba shi wuri. Motar ta wuce ta gabanmu a hankali, muna jere muna jira ya ce wani abu, ko umarni ko lacca. Bai ɗago ba. Fuskarsa na cikin buhu, kafaɗunsa na girgiza, hannunsa na shafa rabin kunnen nan.